Lu'ulu'u a Man Shanu

Kwalbar ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba. Abin da ke cikinta kuma, in ka ɗaga ta a haske, sai ka ce ruwan wankin shinkafa ne. Dakta Kamaluddeen Gado ya iso da ita gidansu da ke unguwar Jega Magaji wata Juma'a cikin watan Agusta, bayan an sauko daga masallaci. Ya naɗe ta a leda, ya saka a ƙofar firji, kusa da magungunan 'yarsa Aliya. Niyyarsa ranar Litinin ya wuce da ita Aliero, inda yake koyarwa a jami'a, idan an gama haɗa na'urar da za ta yi aiki da ita.

Abin da ke yawo cikin ruwan nan lu'ulu'u ne, amma niƙaƙƙe, sai an jera kusan dubu kafin su kai kaurin silin gashi. Kowane ɗaya yana da 'yan tabo a cikinsa, inda ƙwayar naitirojin ta zauna kusa da gurbin da babu komai. In aka haska masa koren hasken leza, sai tabon ya mayar da ja. Jan nan kuwa ba ya zama yadda yake: zafi na sauya shi, maganaɗisu komai ƙanƙantarsa na sauya shi. Ƙwayar halitta mai rai tana haɗiye irin wannan lu'ulu'u ba ta mutu ba, don haka mai bincike na iya zama a waje yana karanta abin da ke gudana a cikinta. A kan wannan Kamaluddeen ya yi digirinsa na uku a Turai. Abin da yake son karantawa shi ne fararen ƙwayoyin jinin masu sikila, daidai lokacin da ciwo ke shirin tashi. Aliya, 'yar shekara bakwai, sikila ce.

Kwalbar ita ce ragowar rukunin lu'ulu'un da ya fara aiki da shi. Ya san halinsa kamar yadda manomin Sabiyal ya san irin albasar gidansu, wanda ba ya sauya shi da na kasuwa ko an ba shi kyauta. Malamarsa ta yi ritaya, an rufe ɗakin bincikenta, ta aiko masa abin da ya rage ta hannun wani abokin aikinta da ya zo taro Abuja. Ana iya samun sabon rukuni, amma sai ya koma farko wajen auna shi, aikin da ya ci masa shekaru.

A tsakar gida ya gaya wa matarsa Bushira, yana rufe firjin.

"Wannan ita ce ta ciwon su Aliya. Kada kowa ya taɓa ta."

Mahaifiyarsa, Inna Mero, tana zaune a bakin ɗakinta tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba.

Dama ba ta ɗagowa in yana wurin. Kamaluddeen ɗan farinta ne, Inna kuwa tsohuwar tarbiyya gare ta. Tun da aka yaye shi aka kai shi Sabiyal wurin kakarsa, can ya girma cikin fadamar albasa, bai dawo Jega ba sai da ya shiga sakandare. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. A wurin Bushira shi ne "mijinki", a wurin Aliya "ubanki". Kowace safiya yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa da "lahiya" fuskarta na kallon bango, ya tashi. In tana da magana sai ta ba wani ya kai, ko da shi yana tsaye a gabanta. Ranar da ya dawo daga Turai, ita ta yanka kajin da kanta, ta tuƙa tuwon, sannan ta shige ɗaki ta saki labule har baƙi suka watse. Bai taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Haka ya buɗi ido ya gani, kuma ƙannensa sun sha gaya masa cewa in jirginsa zai tashi, ba ta cin abinci sai an ce ya sauka.

Daren da za a wayi gari Asabar aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye Bushira ta tafi Maiyama sunan jaririn wanta, shi kuma ya hau babur zuwa Aliero don su daidaita madubin na'urar da Malam Lauwali, mai kula da ɗakin binciken. Aka bar Aliya da kakarta. Yarinyar ta faki ido ta shiga ruwan da ya kwanta a lungu ita da 'ya'yan maƙwabta, ta dawo da jiƙaƙƙen zane. Bayan azahar ƙafafunta suka fara ciwo.

Inna tana da lambar ɗanta a waya, amma sai ta kira Bushira. Bushira, cikin hayaniyar gidan suna, ta gaya mata wane magani za ta ba yarinyar da kuma cokali nawa, ta ce a yi ta ba ta ruwa, a lulluɓe ta, in jikinta ya yi zafi a kai ta asibiti ba tare da jiran kowa ba. Sannan ta kira mijinta, ta fita neman mota.

Shi ya riga ta isowa, ana kiran la'asar. Ya iske gidan shiru. Aliya na barci a gadon Inna, an ɗaga labule, ƙafafunta na ƙyalli tun daga gwiwa har tafin sawu, ɗakin duk ƙamshin man shanu. Daga bakin ƙofa ya miƙa hannu ya taɓa goshinta, babu zazzaɓi. Ya duba numfashinta, ya ja fatar idonta a hankali. Inna na zaune a ƙasa gefen gado, ta juya masa baya, hannunta ɗaya kan idon sawun yarinyar. Ya yi mata sannu, ta ce lahiya.

Sai bayan Bushira ta dawo, hankali ya kwanta, ya buɗe firji zai sha ruwa. Ledar na nan, an ninke ta tsaf. Kwalbar ce babu. Ya duba ƙasan firjin, ya duba bayan robobin kunu. A kwandon kwanuka ya same ta, tsakanin cokula, an wanke ta fes an kife ta ta bushe, murfinta a gefe.

Ya zauna a kan turmin da ke kife kusa da madafa, kwalbar a tafin hannunsa. Da Bushira ta gan shi ta gane. Abu ɗaya ya ce ta je ta tambayo: an ba yarinyar ta sha?

Ba a ba ta ba. Bushira ta daɗe a ɗakin kafin ta fito da sauran bayanin. Inna ta ce ta ji da kunnenta an ce abin na ciwon Aliya ne. Ta ce 'yan boko sai su riƙe magani a hannu suna jiran takarda, yaro na kuka. Ta ba da na asibitin kamar yadda aka ce, amma yarinyar na ta murƙususu tana kiran ƙafa, ita kuwa ba za ta zauna tana kallo ba alhali ga abu a firji. Ba ta san ma'auninsa ba, shi ya sa ba ta yarda ta ɗura mata ba. Sai ta narka man shanun da ake kawo mata daga kasuwar Maiyama, ta juye ruwan kwalbar a ciki, ta gauraya, ta zauna tana murza ƙafafun har kukan ya koma shessheka, shesshekar ta koma barci. Sauran man yana cikin gwangwani, ta saka a ƙarƙashin gado. Kuma Ramatu ta gidan da ke kallon nasu, wadda ɗanta Imran ma sikila ne, ta shigo da ta ji kuka, ta ga komai da idonta. Inna ta yi mata alkawarin za ta ɗibar mata gobe.

Kamaluddeen ya ce a fata ba zai cutar da ita ba, wannan kam a kwantar da hankali.

Bushira ta ce shi ma da nasa laifin. Wa ya aike shi ya ajiye abu kusa da magani, ya kuma ce na ciwon yarinya ne a gaban tsohuwar da ba za ta iya buɗe baki ta tambaye shi ba? Bai musa ba. Ta ce to, in Inna ta zaga alwala ita za ta ɗauko gwangwanin, ta zuba wani man a madadinsa, ba wanda zai sani. Ya ɗan jima yana juya kwalbar. Dabarar za ta dawo masa da lu'ulu'unsa, wannan gaskiya ne, domin ba ya narkewa, ba ya ruɓewa, ana iya wanke maiƙon a tace shi. Amma gobe Ramatu za ta karɓi man shanu a matsayin maganin Turai, jibi wata ta zo daga unguwar Jega Firchin, kafin sati ya zagayo akwai uwar da za ta fasa zuwa asibiti saboda shi. Kuma Inna za ta ci gaba da rabawa da zuciya ɗaya. Ya ce a'a, shi zai yi mata magana.

Bushira ta dube shi, ta ce a shekarun da ta yi a gidan nan ba ta taɓa jin sun haɗa jimla biyu ba, za ta so ta ga ta inda zai fara.

Da safiyar Lahadi ya durƙusa a ƙofar ɗakin kamar kullum. Ya gaishe ta, ta amsa. Amma bai tashi ba, sai ya zauna a dokin ƙofa ya naɗe ƙafa. Aliya na kan gado an jingina ta da filo, tana shan kunu. Inna ta jira ta ji takun tafiyarsa, ba ta ji ba. Ta gyara ɗankwali, ta dubi jikarta.

"Ke, tambayi ubanki, lahiya?"

Aliya ta ce, "Baba, wai lahiya?"

Ya ce ta gaya wa Inna ya zo ne kan man jiya. Yarinyar ta maimaita. Inna ta ce a hwaɗa mai ta san ta taɓa abin da anka ce kada a taɓa, amma ya dubi ɗiyar da idonsa, jiya war haka tana wasa, da rana tana kuka, yau ga ta tana shan kunu. Aliya ta kai saƙon, ta ƙara nata a kai, cewa kunun ba sukari.

Haka suka yi ta yi, magana na bi ta kan gado tana dawowa. Ya ce abin da ke cikin kwalbar ba magani ba ne. Ta ce to mi ne ne, in ba magani ba, da za a ɗauko shi tun daga ƙasar Turawa a sa a firji. Ya yi tunanin koren haske da jan haske, ya ga ba nan ne mafari ba. Sai ya ce Aliya ta tambayi Inna, lokacin da take budurwa a Sabiyal, yaya babanta ke sanin albasar da aka adana ta fara lalacewa tun ba ta yi wari ba. Inna ta ce wannan ai ko yaro ya sani: hannu ake turawa can tsakiyar tarin, in an ji ɗumi to akwai wadda ta fara, sai a baje a fitar da ita. Ya ce to abin kwalbar nan hannu ne irin wannan. Ƙanana ne ƙwarai, suna shiga cikin ƙwayar jini su ji ɗuminta da abin da ke damunta, su faɗa. Hannu ba ya warkar da albasa, amma sai da shi ake sanin lokacin da za a baje.

Aliya ta fara maimaitawa, ta rikice a tsakiya, ta haɗa albasa da jini. Ta ajiye kofin kunun.

"Ni na gaji. Ai kuna jin junanku. Inna, kunnenki ƙalau, jiya daga nan kika ji Imran ya taɓa miki gyaɗa a zaure."

"Ja'ira," in ji Inna. "Da bakinki ka ciwo da mun huta."

Yarinyar ta zame cikin bargo ta juya musu baya. A waje Bushira ta rage ƙarar wanke-wanke.

Inna ta dubi tabarma. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa take, kuma ba ta sa sunan kowa a gaba ba.

"Ba shi warkar da ita ke nan."

"Ba zai warkar da ita ba, Inna. Ko aikin ya yi kyau, sai an daɗe. Wataƙila 'ya'yan wasu ne za su amfana."

"To mi ya sa ta barci?"

"Maganin da kika ba ta, da ruwan, da ɗumin man. Da hannunki. Ko man banza ne, in kika murza ta haka za ta ji sauƙi."

Ta dubi tafin hannunta kamar na wata. Sannan ta tambayi abin da, ya gane daga baya, shi ya fi tsaya mata.

"Na ɓata maka aiki?"

Ya so ya ce a'a. Amma yau ce rana ta farko da ta yi masa magana kai tsaye, sai ya ga bai dace ya amsa mata da ƙarya ba. Ya ce wani ya tafi, ba zai dawo ba. Wanda ke cikin gwangwani kuwa yana nan, in ta ba shi zai gwada fitar da shi, bai san ko zai isa ba.

Ta durƙusa ta jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado, ta turo shi kan tabarma har ya taɓa gwiwarsa. Ta miƙe ta ɗauko cokalin da ta gauraya da shi, da kaskon da ta narka man, wanda ba ta kai ga wankewa ba, da tsumman da ta goge hannu. Ta ɗaga Aliya ta zare zanen da ta kwana a kai, ta ninke ta ɗora. Duk ta tara a gabansa ba tare da ta dube shi ba. Sai ta sa mayafi, ta ɗebi wani man daga ƙwaryarta, wanda ba a haɗa da komai ba, ta ce wa Bushira za ta shiga wurin Ramatu. Ita ta yi alkawarin, ita za ta warware shi da bakinta. Za ta nuna mata yadda ake murzawar, ta kuma ce mata ranar asibiti ba a fashinta.

Ranar Litinin da sassafe yana ɗaure kayan a bayan babur, Aliya ta fito tana ɗingishi kaɗan, da ƙunshin baƙar leda mai nauyi a hannu. Ta ce in ji Inna. Ya kwance, ya ga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yarinyar ta ce ta bakin magudana ce, inda Inna ta zubar da ruwan ɗaurayar kwalbar. Tun bayan asuba ta kankare wurin da wuƙa, ta ce ko akwai saura a ciki.

Kamaluddeen ya san ba abin da za a iya fitarwa daga ƙasar nan. An sake yin yayyafi, kuma ko ba a yi ba, neman ƙurar lu'ulu'u a cikin yashi ba aikin na'urarsa ba ne. Ya ɗaga kai. Labulen ɗakin Inna na sake, amma ƙafafunta na nan a bayansa. Ya karɓi ledar da hannu biyu, ya ce a gaya mata ya gode, ya sa ta a cikin jakarsa tare da kwamfuta.

Aikin ya ci kwanaki. Suka narka man, suka wanke shi da sinadarin da ke cin maiƙo, suka sa a injin da ke wulwula kwalba har mai nauyi ya kwanta a ƙasa, suka zubar da na sama, suka sake. Suka jiƙa tsumman da zanen suka matse. Malam Lauwali ya ce shekararsa nawa a ɗakunan bincike, bai taɓa shiga wanda ke sa mutum jin yunwa ba sai wannan, saura kawai a kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Daga ƙarshe suka dafa abin da ya kwanta a cikin asid, wanda ke cinye komai ya bar lu'ulu'u, suka ɗauraye. Abin da ya rage a gindin kwalbar bai fi tabon toka ba.

Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya rufe tagogi, ya kunna lezar. Allon kwamfutar ya yi baƙi na ɗan lokaci yana juya madubin. Sai jajayen ɗigo suka fara fitowa, nan ɗaya, can biyu, kamar garwashi a murhun da aka yi zaton ya mutu. Ya zaɓi guda ya auna shi, ya kwatanta da tsohon awonsa na Turai. Layin ya hau kan layi. Ya auna wani, ya sake auna wani. Abin da suka ceto bai kai rabi ba. Gwaje-gwajen da ya tsara sai ya rage su, wasu ya haƙura da su gaba ɗaya. Amma ya isa a fara.

Malam Lauwali na share teburi ya ci karo da baƙar ledar. Ya leƙa ciki, ya tambaya ko shara ce ya fitar.

Kamaluddeen ya ce a'a. Ya ce a samo kwalba mai murfi a juye ta, a ajiye a kan kanta tare da sauran kayan aikin.